Injuna Na Ta Ruri, Kaya Ba Sa Fita: Yadda Ake Tsara Aiki a Cikin Masana'anta

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ana saura kwana goma Sallah ya san matsalar da zan yi magana a kanta, ko da bai taɓa taka ƙofar masana'anta ba. Za ka tarar da kekuna huɗu suna ta gudu, maigida yana yanka tun bayan asuba, yaran shago idanunsu sun yi ja saboda rashin barci. Babu mai zaman banza ko ɗaya. Amma leƙa ƙarƙashin tebur: shaddodi ne tuli an yanka, kowace an ɗaure ta da ƙyalle, an rubuta sunan mai ita da alli. Can a kan igiya riguna ashirin ne a rataye, an gama haɗa su, suna jiran mai aikin wuya. Shi kuwa injinsa ɗaya ne tal, kuma babbar riga guda kan cinye masa yini. Wanda ya fi ɗaga murya, ko wanda ake jin nauyinsa, nasa ake zarowa daga ƙasa a ɗora a sama. Ran jajibere rabin masu kaya su koma gida da "ka dawo bayan isha'i".

Ba ƙiwa ce ta jawo haka ba, ba kuma ƙarancin kekuna ba. An yanka abin da ya fi ƙarfin mai aikin wuya, kuma babu wanda ya zauna ya tsara wace riga ce za ta riga wata. Kamfanin da ke ƙera motoci dubbai a rana da irin wannan ciwon yake fama, sai dai asararsa ta biliyoyi ce.

Masu harkar sun raba maganar gida biyu. Akwai tsara aiki daki-daki, wato a faɗi wane aiki ne zai hau wane inji, da ƙarfe nawa, bayan wanne. Akwai kuma riƙe linzamin farfajiyar aiki: wane aiki za a saki ya shiga, ina kowane kaya yake a yanzu, me za a yi idan inji ya tsaya ko ma'aikaci bai zo ba. Na farko a kan takarda yake, ko a kwamfuta. Na biyu a tsakanin ƙarar injuna da warin mai yake. Ni a ganina na biyun ne ke yanke hukunci, kuma shi aka fi rainawa.

Mu fara da takardar, domin a san cewa ita ma ba ƙaramin aiki ba ce. Ayyuka goma kawai a gaban inji ɗaya ana iya jera su ta hanyoyi 3,628,800. A 1954 wani masanin lissafi a Amurka, S. M. Johnson, ya fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi ga inda kowane aiki zai bi ta inji biyu a jere. Ka nemo lokacin da ya fi kowane gajarta a cikin jerin. Idan a inji na farko yake, sa aikin a gaba. Idan a na biyu yake, tura shi ƙarshe. Sai ka maimaita da sauran.

A ce telan nan yana da riguna uku. Farar shadda na son awa 5 a ɗinki, awa 2 a aikin wuya. Shuɗiya 3 da 3. Mai ruwan toka awa 1 a ɗinki, awa 4 a aikin wuya. In aka bi su yadda aka kawo su, fara, shuɗiya, mai ruwan toka, mai aikin wuya zai naɗe hannu har awa biyar kafin rigar farko ta iso shi, kuma ba za a gama ba sai bayan awa 15. In aka fara da mai ruwan toka, sannan shuɗiya, aka bar fara a ƙarshe, awa 11 an gama komai. Mutanen nan ne, kekunan nan ne, amma an tsira da awa huɗu.

To amma daga inji uku zuwa sama, babu wata ƙa'ida mai sauƙi haka da ke ba da amsar da ta fi kowace a koyaushe. A 1963 wasu masana biyu, Fisher da Thompson, sun buga wani misali na ayyuka goma da injuna goma, kowane aiki da hanyarsa daban. Sai a 1989 wasu Faransawa biyu, Carlier da Pinson, suka buga hujjar da ta tabbatar da amsar da ta fi kowace. Shekara 26 ke nan a kan ayyuka goma, a duniyar takarda inda inji ba ya lalacewa, ba a kuma ɗauke wuta. Shi ya sa yawancin masana'antu ke aiki da ƙa'idojin da shugaban sashe zai iya riƙewa a ka: wanda ya riga zuwa shi ne farko, ko wanda wa'adinsa ya fi kusa, ko wanda ya fi saurin gamawa. Kowace da illarta. In ka ce kullum gajeren aiki ne a gaba, yawancin kwastomomi za su samu kayansu da wuri, amma mai babbar riga zai ga wata ya kama ya mutu ba a taɓa tasa ba.

Turawa sun daɗe suna neman mafita daga ɓangaren ofis. Tun a shekarun 1910 injiniya Henry Gantt ya fito da jadawalin nan mai layuka, kowane inji da layinsa, lokaci na tafiya daga hagu zuwa dama, wanda har gobe ake amfani da shi. Da kwamfuta ta zo sai aka samu tsarin da ake kira MRP, wanda Joseph Orlicky na kamfanin IBM ya rubuta littafi a kansa a 1975. Dabararsa ita ce lissafi da baya-baya. Ana son mota dubu a mako na goma. Kowace na son kujeru kaza da fitilu kaza, kujera kan ɗauki mako biyu, don haka a saki odarta a mako na takwas. Ta fuskar sanin abin da za a saya da lokacin sayensa, wannan babban ci gaba ne.

Sai dai akwai tsutsa a cikin goron. Tsarin ya ɗauka cewa mako biyun nan mako biyu ne kullum, ko sashen kujeru fayau yake ko ya cika maƙil. In kaya suka fara makara, mai tsara aiki a ofis sai ya ce bari in mayar da shi mako uku don a samu sarari. Ma'ana a saki aiki da wuri. Aikin da aka saki da wuri kuwa ba inji yake hawa ba, layi yake shiga, layin ya ƙara tsawo, kayan su ƙara makara, a sake ƙara wa'adi. Daga nan sai a ga an ɗauki mutane na musamman waɗanda aikinsu shi ne yawo a farfajiya da jan kati, suna zaro odar da kwastoma ya yi fushi a kanta suna kai ta gaba. In jan katin ya yawaita, sai a ƙirƙiro wani launi ga wanda ya fi gaggawa a cikin masu gaggawa.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan bala'i wani masani ɗan Amurka, John Little, ne ya tabbatar da shi a 1961, kuma ɗan firamare zai gane shi. In masana'anta na fitar da guda 100 a rana, kuma akwai guda 1,000 a zube a farfajiya, duk sabon aikin da ya shiga zai yi kimanin kwana goma kafin ya fito, ko da ainihin taɓa shi da hannu awa uku ne. In aka rage na zuben ya koma 300, kwana uku ya isa. Akwai kuma ɗan'uwan wannan lissafi da manajoji ba sa son ji. A misali mafi sauƙi na layin jira, inda aiki ke zuwa ba a kan ƙa'ida ba, injin da ke aiki kashi 80 cikin ɗari na lokacinsa yakan sa a jira shi kimanin ninki huɗu na tsawon aikin. A kashi 90, ninki tara. A kashi 95, ninki goma sha tara. Duk direban da ya taɓa shiga titin da ya cika ba masaka tsinke ya san wannan a jikinsa: mota ɗaya ta taka birki, baya gaba ɗaya ya tsaya.

Wanda ya fara kama bakin zaren a aikace ba lissafi ne ya kai shi ba, talauci ne. A 1950 Toyota ta kusa durƙushewa. Motoci sun taru ba masu saye, kuɗi sun ƙare, bankuna suka gindaya sharaɗin a raba sashen sayarwa ya zama kamfani daban, a kuma rage ma'aikata. Aka yi rikici da ƙungiyar ƙwadago na kusan wata biyu, wanda ya kafa kamfanin, Kiichiro Toyoda, ya sauka daga kujerarsa. A shekarar ne ɗan'uwansa Eiji Toyoda ya ziyarci katafariyar masana'antar Ford ta Rouge kusa da Detroit, wadda ke fitar da motoci dubbai a rana guda. Kasuwar Japan ƙarama ce, tana son motoci iri-iri amma kaɗan-kaɗan, kuma babu kuɗin da za a daskarar a sito.

Taiichi Ohno, wanda ya taso daga masaƙar gidan Toyoda ya koma ɓangaren mota a 1943, shi ya juya tambayar. Maimakon ofis ya aika wa kowane sashe jadawali ya ce ku yi kaza ku tura gaba, me zai hana sashen da ke gaba ya je ya ɗauko abin da yake buƙata, na baya kuma ya mayar da gurbin abin da aka ɗauka kawai? Ya ce daga manyan kantunan Amurka ya samo tunanin, inda mai saye ke ɗaukar abin da yake so daga kanta, mai shago ya cike gurbin. Abin da ke kai saƙon shi ne wani ɗan kati a cikin leda, kanban da Japananci, mai ɗauke da lambar kayan, yawansu, inda suka fito da inda za su.

Yana da kyau a bi katin nan da ƙafa. Ma'aikaci a layin haɗa mota ya buɗe akwati mai maɗaurin ƙofa ashirin. Kafin ya ɗauki na farko sai ya cire katin da ke jikin akwatin ya jefa a wani ɗan aljihu kusa da shi. Mai zagaye ya zo a kan lokacinsa, ya kwashi katunan, ya tafi sashen da ake yin maɗauran, ya ɗauko cikakken akwati. A can ma akwai katin da ke jikin cikakken akwatin, wanda ake cirewa a rataye a allon mai inji. Wannan katin shi ne izininsa na yin guda ashirin, ba ashirin da biyar ba. In allonsa babu kati, ya kashe inji, ya share shi, ya duba mai, ko ya je ya taya maƙwabcinsa. Tunda akwati ba ya motsi sai da kati, yawan katunan da ke yawo shi ne iyakar kayan da za su iya taruwa. Abin da Little ya nuna a takarda, Ohno ya ɗaure shi da leda a jikin akwati. Zuwa farkon shekarun 1960 tsarin ya game masana'antun kamfanin, daga baya ya kai ga masu kawo masa kaya daga waje.

Ohno ya lissafa nau'o'in ɓarna guda bakwai, ya ce mafi muni a cikinsu shi ne yin abin da ya wuce buƙata, domin shi ke rufe sauran. Mutanen Toyota kan kwatanta tarin kaya da ruwan kogi, matsaloli kuma da duwatsun da ke ƙasa. Sukan zare kati ɗaya ko biyu da gangan don ruwan ya ja baya, a ga dutsen da zai fito: injin da ke yawan tsayawa ne, ko mai kawo kayan da ke makara.

Inda masu kwaikwayo suka fi faɗuwa shi ne zaton cewa katin ne maganin. Kati ba ya aiki sai an share masa hanya. Toyota ba ta daina tsara aiki a ofis ba. Tana da shirin wata-wata da take sanar da masu kawo kaya don su shirya mutane da injuna. Bambancin shi ne jerin aikin yau da kullum, wace mota ce bayan wace, layin haɗawa na ƙarshe ake ba, sauran sassan kuma kati ke jan su. Jerin ma gauraya shi ake yi. In ana son farare 600 da baƙaƙe 300 a rana, ba a cewa a gama farare tukuna. Fara, fara, baƙa, haka za a yi ta tafiya, don kada sashen baya ya sha matsi da safe ya yi zaman kashe wando da yamma. Saurin layin kuma daga kasuwa ake ɗauko shi: in akwai minti 900 na aiki a rana kuma ana sayen mota 900, to kowane minti mota ɗaya, ko da injunan za su iya fin haka.

Wannan gaurayawar ba za ta yiwu ba in sauya mazubi, wato ƙarfen da ke fitar da siffar kayan, a injin buga ƙarfe yana cin rabin yini, don dole mai inji ya buga dubbai kafin ya sauya. Sai aka tasar wa sauyin kansa. Shigeo Shingo, wanda ya daɗe yana koyarwa a kamfanin, ya yi suna a kan raba aikin sauyi gida biyu: abin da dole sai inji na tsaye, da abin da za a iya shiryawa yana kan aiki. A kawo sabon mazubi kusa tun da wuri, a jera kayan aiki, a rage notuna. Da haka sauyin da ke cin sa'o'i ya koma ƙasa da minti goma.

Sai maganar igiya, wadda ni ta fi taɓa ni. Asalinta daga masaƙa ne. Injin saƙar da Sakichi Toyoda ya kammala a 1924 yana tsayawa da kansa in zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. A layin mota sai aka rataya igiya a saman kan ma'aikata. Wanda ya ga noti bai ɗauru ba, ko ya ga ba zai gama cikin lokacinsa ba, ya ja. Fitila ta kama a allo da lambar wurinsa, shugaban rukuni ya rugo. In an gyara kafin motar ta kai wata alama a ƙasa, layi ya wuce. In ba a gyara ba, layi ya tsaya. Ƙaramin ma'aikaci ne aka ba ikon tsayar da abin da kowane mintinsa mota ce guda.

An daɗe ana cewa wannan halin Japanawa ne kawai. Tsohuwar masana'antar General Motors ta Fremont a Kalifoniya ta ƙaryata haka. An rufe ta a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da motoci masu aibi. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, aka dawo da akasarin tsofaffin ma'aikatan, aka tura ɗaruruwa Japan suka koyo aiki a masana'antar Takaoka. Cikin ɗan lokaci ingancin motocinta ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors. A da, dokar ita ce layi ba ya tsayawa komai ya faru, a gyara a filin ajiye motoci daga baya. A zamanin NUMMI kuwa, wanda ya ja igiya taimako ya riƙa samu.

Kati ba na kowa ba ne, wannan gaskiya ce. Ya dace da inda ake maimaita kaya iri ɗaya. Mai ƙera abin da kowace oda da siffarta, kamar telanmu, ba zai ajiye akwatin kowace riga ba. A nan shawarar Eliyahu Goldratt, masanin kimiyya ɗan Isra'ila da ya yi fice a shekarun 1980, ta fi amfani. Ka nemo wurin da aiki ke cushewa, ka tsara masa jadawali daki-daki, ka tabbata kullum akwai ɗan aiki a gabansa don kada ya zauna, sannan kada ka saki sabon aiki daga ƙofa sai daidai da abin da shi ya gama. Mai aikin wuya na gama riga uku a rana, to a yanka uku. Sauran shaddodin su zauna a ledarsu, inda ba za su ɓace ba, ba za a kuma haɗa hannun wannan da jikin waccan ba. Haka ma masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa a Kano, waɗanda kayan aikinsu da yawa sai sun sauka a tashar jirgin ruwan Legas sun yi tafiyar kusan kilomita dubu a mota, ga matsalar wuta. Wauta ce a ce su bar sito fayau. Amma ajiye ɗanyen kaya a sito daban, zuba shi a farfajiya rabi-da-rabi daban, kuma na biyun yana hannun manaja.

Ita kanta Toyota ta ɗanɗana kuɗar rashin ajiya. Ranar Asabar 1 ga Fabrairu 1997 gobara ta cinye wata masana'antar Aisin a garin Kariya, wadda ita ce ke yi mata kusan dukkan wani ɗan bawul da ke daidaita ƙarfin birki. Abin da ke hannu bai wuce na 'yan kwanaki ba, layuka suka tsaya. Aisin ta rarraba zanen bawul ɗin, kamfanoni sama da sittin suka kafa wuraren yin sa na wucin gadi, har da Brother mai yin keken ɗinki. Cikin kusan mako guda motoci suka ci gaba da fitowa. Girgizar ƙasar Maris 2011 ta fi haka tsanani, domin ta taɓa masu kawo wa masu kawo kaya, waɗanda kamfanin bai ma san da wasunsu ba, kuma an yi watanni kafin a dawo daidai. Bayanta Toyota ta gina rumbun bayanai na duk jerin masu kawo mata kaya, ta kuma buƙaci a riƙa ajiye wasu sassa masu wuyar samu, irin ƙananan na'urorin lantarki, na wata biyu zuwa shida.

Katin ledar ma yanzu yawancin saƙonsa ta kwamfuta yake bi, kuma wannan ya zo da nasa rauni. Ranar 29 ga Agusta 2023 dukkan masana'antun haɗa mota 14 na Toyota a Japan suka tsaya, saboda na'urar da ke aika odar sassa ga masu kawo kaya ta daina aiki. Kamfanin ya bayyana daga baya cewa ba kutse ba ne. Ana cikin gyaran da aka saba yi ne wurin ajiyar bayanai ya cika, na'urar da aka tanada don ko-ta-kwana ita ma ta faɗa cikin matsalar, tunda a tsari ɗaya suke. Sai da aka kwashe bayanan zuwa wata na'ura mai faɗin ciki, washegari layuka suka tashi.